Babban Filin Wasanni na Yamai Dukiyar Kowa Ne

A birnin Yamai, a bakin babbar hanyar Mali Bero, ba nisa da kasuwar Katako, akwai wani ƙaton gini mai zagaye kamar akushi. Shi ne babban filin wasanni na ƙasar Nijar. Yana ɗauke da sunan Janar Seyni Kunce. Mutanen gari kuwa sitad kawai suke ce masa.

Yara da yawa na Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su taɓa ganin filin nan da idonsu ba. Amma sun sha jin sunansa a rediyo, wasu kuma sun gan shi a talabijin ranar da ƴan Mena ke tamaula. Filin nasu ne, kamar yadda yake na ƴan Yamai. Abin da ke na kowa kuwa, kowa ke da alhakin kula da shi. Nijar ta ci amfanin wannan fili shekaru da yawa. Ta kuma ɗanɗani rashinsa, a lokacin da aka ce bai cika sharaɗi ba. Shi ya sa ya kamata kowane ɗan makaranta ya san tarihinsa, ya kuma san abin da riƙonsa yake bukata.

Yadda aka gina shi

Seyni Kunce ya hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Cikin shekarar nan Nijar ta ƙulla hulɗa da ƙasar Sin. A zamaninsa an ba wasanni da ayyukan samariya muhimmanci ƙwarai. A shekarar 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa. Tamaula ma tana ta samun masoya a birane da ƙauyuka. Amma babban birnin ƙasa ba shi da filin da zai ɗauki dubban jama'a, ya kuma karɓi manyan baƙi.

A shekarun nan ƙasar Sin tana gina wa ƙasashen Afirka manyan filayen wasanni. An buɗe na Kotonu a 1982, na Wagadugu a 1984, na Dakar a 1985. Na Yamai shi ma Shinuwa suka gina shi. Seyni Kunce bai ga buɗewarsa ba, domin ya rasu a birnin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987. An buɗe filin a shekarar 1989, zamanin Janar Ali Saibu, aka sa masa sunan marigayin.

Abin da ke ciki

Wanda ya shiga filin, abin da zai fara gani shi ne wurin zaman ƴan kallo. An yi shi hawa-hawa kamar matakala, yadda na gaba ba zai tare wa na baya ba. Yana ɗaukar mutum wajen 35.000. In aji ɗaya yana da yara 50, sai an kwaso aji 700 kafin a cika shi.

A tsakiya akwai filin tamaula mai koriyar ciyawa. Filin manyan wasanni yakan yi metir 105 a tsawo, metir 68 a faɗi. Kewaye da shi akwai hanyar tsere, wadda aka raba da fararen layuka don kowane mai gudu ya bi nasa. Zagaye ɗaya metir 400 ne. Mai tseren metir 10.000 sai ya zagaya sau 25. A nan kuma ake yin tsalle da jifa. Akwai manyan fitilu da ke haska filin in ana wasa da dare. A ƙarƙashin wurin zama akwai ɗakuna: inda ƴan wasa ke canza tufafi su yi wanka, ɗakin alƙalan wasa, da ofisoshi.

Aikin wurin bai tsaya ga tamaula ba. A kusa da shi akwai gidan koyon wasannin kare kai, irin su judo da karate da taikwando. Akwai kuma babban zauren wasanni mai rufi, inda ake ƙwallon kwando da ƙwallon hannu da manyan tarurruka. A wannan zaure aka yi babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu. Saboda haka aka raɗa masa suna Fadar 29 ga Yuli. Da safe da marece kuwa, samari da ƴan mata da dattawa sukan zo harabar filin su yi gudu ko tafiya don motsa jini.

Ranakun farin ciki

Daga 7 zuwa 17 ga Disamba 2005, Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da faransanci, karo na biyar. Matasa sun zo daga Afirka da Turai da Kanada da wasu sassan duniya. A babban filin aka yi bikin buɗewa da na rufewa. Baƙi da yawa a lokacin suka fara ganin Nijar, suka kalli kokowa, suka ji kiɗan ƙasar.

Amma abin da ya fi nuna darajar filin shi ne labarin Mena. Mena wata irin barewa ce ta hamada, da sunanta ake kiran ƙungiyar tamaula ta ƙasa. Wajen neman shiga gasar kofin Afirka ta 2012, an haɗa Nijar rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin a lokacin. Ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ba wanda ya sa Nijar cikin lissafi.

Ranar 10 ga Oktoba 2010 Masar ta zo Yamai. Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo a raga, aka tashi 1 da 0. A watan Maris 2011 Saliyo ta zo, aka ci ta 3 da 1. A watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo, aka ci ta 2 da 1. Wasanni uku da Mena ta je ta yi a waje kuwa, duka an ci ta. Maki 9 ɗin da ta samu, a cikin filin Yamai ta same su gaba ɗaya. Da su ta shiga gasar kofin Afirka karo na farko a tarihinta. Mai horar da ita, Haruna Dula, shi aka zaɓa gwanin masu horarwa na Afirka a shekarar 2011.

Shekarar da ta biyo ma haka aka yi. Gine ta ci Nijar 1 da 0 a Konakiri. Da ta zo Yamai a watan Oktoba 2012, Mena ta rama da 2 da 0, ta wuce gasar 2013.

Wannan ba tsafi ba ne. Ɗan wasa a gida ya san ƙasar da yake takawa, ya saba da zafin garinsa, ya kwana kusa da danginsa. In ya gaji, ya ji ganguna da muryar mutum dubu talatin suna kiran sunansa, sai ƙarfi ya dawo masa. Baƙo kuwa duk abin nan a kansa yake ƙarewa.

Bayan haka filin ya karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Mali ce ta ɗauki kofin duka biyun. A gasar 2019 an yi wasu wasannin a filin Maraɗi, ƴan jahar suka kalli matasan Afirka a ƙofar gidansu.

Lokacin da gida ya gagara

Gini kamar mutum yake, yana tsufa. Ranar Yamai tana da zafi, a watan Afrilu da Mayu takan wuce digiri 40. Iskar hunturu tana kawo ƙura, damina tana kawo ruwa da guguwa. Siminti yana tsagewa, ƙarfe yana tsatsa, fenti yana ɓarewa, famfo yana toshewa, ciyawa tana ƙonewa.

Ban da haka, dokokin wasa su ma suna canzawa. Hukumar tamaula ta Afirka, wadda ake kira CAF, ba ta yarda a yi babban wasa sai a filin da ya cika sharuɗɗanta. Tana duba lafiyar ciyawa da ƙarfin fitilu. Tana son kowane ɗan kallo ya samu kujerarsa. Tana duba ɗakunan ƴan wasa, ɗakin likita, wurin ƴan jarida, makewayi, da ƙofofin da jama'a za su fita ba tare da turereniya ba. Filin da ake yabo a 1989 yana iya kasa cika sharuɗɗan bayan shekara talatin, in ba a riƙa gyara shi ba.

A shekarar 2021 hukumar ta hana wasa a filayen ƙasashe da yawa, har da na Nijar da Mali da Burkina Faso. A watan Satumba na shekarar, wasan da ya kamata Nijar ta karɓi Burkina Faso a Yamai, a birnin Marrakesh na Maroko aka yi shi. A watan Oktoba an samu izini, Aljeriya ta zo Yamai. Amma abin bai ɗore ba. A 2022 Mena ta karɓi Tanzaniya a Kotonu. A 2023 ta karɓi Aljeriya a Tunisiya, ta karɓi Zambiya a Marrakesh. A takarda ana rubuta cewa Nijar ce mai masaukin baƙi, alhali ita ma baƙuwa ce.

Shekarar 2024 ita ta fi ciwo. Ana neman shiga gasar kofin Afirka ta 2025, an haɗa Nijar da Angola da Sudan da Gana. Wasanninta uku na gida duka a waje aka yi su. Ta yi kunnen doki 1 da 1 da Gana a Maroko. Angola ta ci ta 1 da 0. A birnin Lome ta lallasa Sudan 4 da 0, amma ƴan Nijar kaɗan ne suka ga ƙwallayen nan da idonsu. Daga baya ta je har Akara ta ci Gana 2 da 1. Da aka yi lissafi, Sudan tana da maki 8, Nijar tana da 7. Maki ɗaya tak ya hana ta wucewa.

Ba wanda zai rantse cewa da a Yamai aka yi wasannin, da Mena ta wuce. Tamaula ba ta da tabbas. Amma wanda ya tuna da 2010 da 2011 ya san abin da gida yake ƙara wa ɗan wasa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Asarar ba ta ƴan wasa kaɗai ba ce. Wasa a ƙasar wani yana cin kuɗin jirgin sama, da na masauki, da na hayar fili. Kuɗin tikiti da za a samu a gida ba a samu ba. Mai taksi da ɗan kabu-kabu, mai kilishi, mai gyaɗa, mai ruwan sanyi, tela mai ɗinka riguna da tutoci, duk ranar wasa ranar kasuwarsu ce. Yaron da zai riƙe hannun ubansa ya je ya ga gwanayen ƙasarsa, shi ma ya rasa.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Akwai masu cewa: ƙasar da yara ke karatu cikin aji na zana, wasu ƙauyuka ba su da rijiya, wasu ba su da gidan likita, me ya kai ta kashe kuɗi a kan ciyawa da kujeru? Maganar nan tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Aji da rijiya da magani suna gaba da wasa. Da za a ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya, ba mai hankalin da zai zaɓi fili.

Sai dai filin an riga an gina shi. Tambayar da ta rage ita ce: a riƙe shi, ko a bar shi ya lalace? Manomi ya san amsar. In ya ga ƴar tsaga a jikin rumbunsa, kwano ɗaya na laka ya isa ya liƙe ta. In ya ƙyale ta har damina biyu, sai ya sake rumbu, ga asarar hatsi. Kwan fitila ɗaya da ya mutu, famfo ɗaya da ke zuba, kujera ɗaya da ta karye, gyaransu ba shi da tsada. In aka bari suka taru shekara goma, sai an rufe fili, a nemo kuɗi masu yawa, wataƙila ma a ci bashi. Kuɗin nan kuwa daga aljihun da ake gina aji da rijiya za su fito. Don haka mai son a tattala kuɗin ƙasa, shi ya fi kowa cancanta ya nemi a riƙa gyaran fili a kan kari.

Kuma wasa ba shiririta ba ne. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a dambe, a wasannin Olimpik na Munik a 1972. Abdurrazak Isufu Alfaga ya kawo lambar azurfa a taikwando a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Mutane da yawa a duniya ta dalilinsu suka fara jin sunan Nijar. Irin waɗannan gwanaye suna bukatar wurin horo mai kyau.

Wa ke da alhaki?

Kaso mafi girma na hukuma ne. Ita ce za ta ware kuɗin gyara kowace shekara, ba sai an ji baƙi suna tafe ba. Ita ce za ta horar da masu kula da ciyawa, da masu gyaran lantarki da famfo, ta biya su a kan lokaci. Ya kamata wani kaso na kuɗin tikiti da na hayar wuri ya riƙa komawa cikin gyara. In za a yi babban taro ko bikin kiɗa, a kare ciyawar kada a tattake ta. Shinuwa sun gina, sun miƙa mabuɗi. Ba su ne za su zo su share ba.

Amma akwai kason ƴan kallo. Wasu mutane in sun ga abin hukuma sai su ce: «Kayan gwamnati ne, ba na uban kowa ba.» Wannan kuskure ne babba. Gwamnati ba ta da gona, ba ta da garke. Kuɗinta daga lanho da kuɗin duwan da arzikin ƙasa suke fitowa, watau daga gumin talakawa. Wanda ya ji haushi don an ci ƙungiyarsa, ya karya kujera, kujerar ubansa ya karya. Wanda ya haura katanga don kada ya sayi tikiti, ya rage kuɗin gyara. Wanda ya jefa dutse ko ledar ruwa cikin fili yana iya jawo a ci ƙasarsa tara, ko a hana ƴan kallo shiga wasa na gaba. Wanda ya yi fitsari a jikin bango ya bar wa dubban mutane wari.

Daga filin makaranta ake farawa

Yaron da ke Madawa ko Tasawa ko Magarya yana iya cewa: «Yamai tana da nisa, ina ruwana?» Amma a makarantarsu akwai fili. Ba shi da ciyawa, ba shi da fitilu. Ragarsa itace biyu ne da igiya. Duk da haka shi ne ƙanen babban filin Yamai. Yawancin ƴan wasan da suka taka ciyawar Yamai, a irin wannan fili suka koyi buga balo, wani lokaci ma balon tsumma, ba takalmi.

Halin da yaro ya koya a nan, shi zai kai can. Ɗalibai suna iya raba aiki aji-aji. Wasu su tsince ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. Wasu su cike ramukan da ruwan sama ya haƙa, don kada wani ya gurɗe ƙafa. Wasu su ja layi da toka. Wasu su dasa bedi a gefen fili ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, su yi masa shinge saboda awaki, su riƙa ba shi ruwa. A sa mutum ɗaya mai amana ya riƙa ajiye balo, ya rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya maido. In balo ya fashe a kai shi ɗinki tun ɓarakar tana ƙarama. A kuma raba lokacin wasa da adalci, manya kada su kore ƙanana, maza kada su hana ƴan mata. In an yi wasa da wata makaranta, a karɓi baƙi da ruwan sha. Wanda aka ci ya miƙa wa wanda ya ci hannu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yaran da ke zaune a aji yau, wani zai zama ɗan wasan Mena, wata za ta yi tsere da sunan Nijar. Wani zai zama injiniya mai gyaran fitilu, wata ta zama minista mai sa hannu a takardar kuɗin gyara. Mafi yawansu za su zama ƴan kallo. In tun yanzu sun saba da cike rami da ajiye balo a wurinsa, to ba za su zuba ido babban filin ƙasarsu ya lalace ba, Mena kuma za ta riƙa karɓar baƙinta a Yamai.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe babban filin wasanni na Yamai? Wace ƙasa ta gina shi?
2. Maki nawa Mena ta samu wajen neman shiga gasar 2012? A ina ta same su?
3. Waɗanne abubuwa hukumar CAF take dubawa kafin ta yarda a yi wasa a fili?
4. Me ya sa gyara a kan kari ya fi araha?
5. Mai tseren metir 5.000 sau nawa zai zagaya hanyar tsere?
6. Fili yana da tsawon metir 105 da faɗin metir 68. A ce kowane metir kare yana shan litir 5 na ruwa a rana. Litir nawa ake bukata? Tano nawa ke nan, in tano ɗaya yana cin litir 200?
7. Waɗanne ayyuka uku ɗalibai za su iya yi wa filin makarantarsu a wannan wata?